Sittin da Takwas ko Tamanin da Tara

Jirgin saman wasan da rimot ɗinsa na same su ne a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi, irin wadda Turawan Ingila ke buɗe but ɗin mota su baje tarkacen gidajensu. A 2004 ne, ina ɗalibi. Mai kayan ya rantse lafiyarsu ƙalau, ya nuna mini wata 'yar takarda da ya manna a bayan rimot ɗin, da lamba rubuce da biro. Na duba na ga 89. Har gobe kuma 89 nake cewa na gani.

Lambar nan ita ce komai a wancan zamani. A Ingila an ware wa masu wasan jirgi zangon megahaz 35 tun farkon shekarun 1980, lokacin da masu rediyon oba-oba suka cika tsohon zangon 27 da surutu. An yanka shi tasha-tasha daga 55 zuwa 90, tazarar kilohaz 10 tsakanin kowace da maƙwabciyarta. Wani ɗan mitsitsin kiristal ne ke tsayar da tashar, ɗaya a rimot, ɗaya a cikin jirgi. Shi kuwa jirgi bai san ubangidansa ba. Duk wanda ya yi magana a tasharsa, shi zai bi.

Saboda haka a lokacin kowane kulob ke da allo a bakin fili, da 'yan katakan maƙale shanya, kowane da lambarsa. Sai ka ciro naka ka maƙala a eriya kafin ka kunna rimot. In ba ka tarar da shi a allo ba, wani na sama ke nan, sai ka zauna ka sha shayi.

Na isa filin wani kulob da ke bayan gari, na gaisa da kowa, na ciro 89 kamar yadda doka ta ce. Na koma gefe na durƙusa gaban jirgina, na zaro eriyar nan mai tsawon kamu biyu, na kunna.

A daidai lokacin wani dattijo mai farin gemu yana sama da jirginsa samfurin Spitfire, wanda ya kwashe hunturu guda yana sassaƙawa da katakon balsa. Na tura sandar rimot dama, fiffiken jirgina ya motsa. Madalla. Sai na ji mutane sun ce "Kai!" Na ɗaga kai na ga Spitfire ya mirgina dama. Na tura hagu don in gwada ɗaya ɓangaren, ina ɗaga ido shi ma ya mirgina hagu. Na ce a raina, lallai tsohon nan gwani ne, da shekarunsa da komai.

Dattijo ya fara ihu: "Wa ke kan 68? Wa ke kan 68?" Ni ina ruwana, ɗan 89 ne ni. Har na taya shi waige-waige ina harare-harare, don in ga wane mara kunya ne. Jirgin kuwa ya rasa na wa zai ji, sai karkarwa yake yana tangaɗi kamar ɗan bori. Abin ya ba ni sha'awa har na so in tafa, sai na kife rimot a kan ciyawa don hannuna su samu sarari. Kifewar nan ce ta danne sandar gaba ɗaya.

Tumakin gonar maƙwabta ne suka fara sanin inda ya sauka. Suka watse, ƙasa ta tashi, shiru ya biyo baya.

Sakataren kulob ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba rimot. Da ya zo kaina ya zaro kiristal ɗin, ya karanta 35.080, ya dubi takardar da ke manne, sannan a hankali ya juya rimot ɗin, ƙasa ta koma sama. 89 ta zama 68. Mai gwanjo a kife ya manna ta. Na yi bayani dalla-dalla cewa laifin nasa ne, da na wanda ya ƙirƙiro lambobin da ke canza ra'ayi in an juya su. Ba wanda ya tanka. Dattijo dai ya miƙo mini baƙar ledar shara, ya ce, "Yaro, idonka ya fi nawa, zo mu tsince."

Mun tsinci injin, da taya ɗaya, da kan ɗan matuƙin roba. Sauran sai dai a kunna wuta da shi. Kuɗin katako da gam da na biya sun ninka abin da na sayi nawa jirgin, wanda ko tashi bai yi ba ranar.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a ƙarshen 2005 kamfanin Spektrum ya fito da rimot ɗin DX6 mai aiki a gigahaz 2.4, wanda ake ɗaura shi da jirginsa tun farko, jirgin ba ya sauraron kowa sai shi. Ba kiristal, ba maƙalin shanya, ba ihu. Da Spitfire ya yi haƙurin shekara ɗaya da 'yan watanni, da yanzu yana nan. Mai gwanjon nan kuma, in yana raye, ina binsa kuɗin katako.