Keke Mai Giya Ashirin Da Ɗaya

Yau kwana biyu ke nan, amma har yanzu in na karkata kai sai in ji laka tana motsi a kunnena na hagu. Gara in rubuta da hannuna tun kafin 'yan majalisar unguwarmu su gama zuba wa labarin gishiri.

Waya ce ta ja mini. Wani dare na ci karo da bidiyon wasu Turawan Ingila, kowa a kan kekensa, suna ratsa fadamun bakin teku, su hau tudu su gangara, su yada zango a wani tsohon gari su sha shayi. Na ce da me suka fi mu? Teku dai ba mu da shi, amma ga madatsar ruwan Mairuwa. Fadama kuwa, a watan Agusta ko ba ka neme ta ba ita za ta neme ka. Tsofaffin garuruwa, ai Maska kaɗai ta ishe mu tinƙaho. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 keke ya dawo da martabarsa. Nan take na tsara tafiya: in tashi daga Funtuwa, ƙasar Sarkin Maska, in ratsa Bakori ta Makama, in sauka Malumfashi wajen Galadima. Kilomita hamsin ko kusa da haka.

Na aika Kano aka sawo mini keken gwanjo, siriri kamar karan dawa, tayarsa ba ta fi kaurin babban yatsa ba, giyarsa 21. Fedarsa tana da wani maɗauri da ake zura ƙafa a ja shi tamau, wai don kada ƙarfin mutum ya tafi a banza. Na sayi hular kwano. Wandon nan nasu mai kama jiki ne kawai na ce ba da ni ba, ina da surukai a garin nan. Na sa wandon shaddata mai mazagi.

Uwargida ta ce, "Saƙon wa za ka kai Malumfashi?" Na ce babu. "Ta'aziyya ce?" Na ce a'a. "Bashi kake bi?" Na ce yawon buɗe ido ne. Ta dubi keken, ta dube ni, ta ce, "Allah ya buɗe shi lafiya."

Daga Funtuwa zuwa Bakori lafiya lau. Bayan Bakori ne tireloli suka ishe ni da ham, sai na saki kwalta na faɗa wani burtali. Masara hagu da dama ta fi ni tsawo, duk ta yi goyo, ga auduga can, ga waken suya, iska tana kaɗawa. Har na fara tausayin Turawan. Sai hanya ta soma gangarawa, keke ya soma gudu da kansa, ni kuwa ina murmushi kamar ni na ƙera shi.

A ƙasan gangarar akwai fadama. A cikin fadamar akwai shinkafa. A cikin shinkafar akwai 'yan gayya, mutum kusan ashirin, sun duƙa suna cirar ciyawa. Tsakiyar hanyar kuma akwai wani wuri mai sheƙi, sumul, wanda na ɗauka ƙasa ce da ta jiƙa.

Taɓo ne.

Da a ce na shiga da gudu na wuntsila, da sai a ce haɗari ne, a yi mini jaje. Ba haka aka yi ba. Keken ya shiga, ya rage gudu, ya ƙara ragewa, sannan ya tsaya cak a tsakiya, a miƙe, kamar an kafa shi. Ni ma ina kai a miƙe. Na ja ƙafar dama, a ɗaure. Na ja ta hagu, a ɗaure. Mutum ashirin suka ɗago kai a tare.

Wallahi ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Na ga wata balbela ta tashi. Na tuna kuɗin keken. Na tuna fuskar uwargida. Sannan na ji mun fara karkata hagu, ni da keken, a hankali, a hankali, irin yadda tsohuwar katanga take sallama da duniya a tsakiyar damina. To a nan ne abin da ke hana ni barci ya faru. Idona ya haɗu da na wani magidanci, tarbiyya ta motsa, ina cikin tafiya ƙasa na buɗe baki na ce, "Sannunku da aiki."

Caɓal!

Aka yi shiru. Sannan wata murya daga cikin shinkafa ta amsa, cikin ladabi, "Yawwa, sannu da zuwa."

Na juya wannan lamari ta kowace fuska. Da ihu na yi, kowa zai gane. Da salati na yi, da na samu lada. Amma gaisuwa? Mutum yana faɗuwa cikin taɓo da hular kwano, ƙafafunsa a ɗaure a feda, yana gaida jama'a kamar ɗan takarar kansila. Jiya da dare na farka ina maimaita ta, har da karin sautin. Ban ma ce ta da sauri ba. Na ja ta, "sannunkuuu," daidai tsawon faɗuwar.

Na yunƙura zan tashi sai na ji wani abu ya ja ni ta baya. Ashe kaca ta cafke ƙafar wandon shadda ta naɗe, mazagin kuma ya kwance. Duk yunƙuri ɗaya, wando ya sauka taƙi ɗaya. Na fahimci zaɓi biyu gare ni: in zauna cikin laka da mutuncina, ko in miƙe ba shi. Na zauna.

Ina nan kwance a gefe kamar tarwaɗar da aka manta, sai ga ƙararrawa, ƙirrin-ƙirrin. Wani dattijo ne a kan baƙin keke Rali, buhun taki biyu a kariya, garma a ɗaure a gaba. Ya bi ta gefen taɓon, ta wata 'yar gaɓa da faɗinta bai fi tafin hannu ba, ko ƙafa bai sauke ba. Da ya haye sai ya tsaya, ya jingine keken, ya dawo ya tsuguna a kaina.

"Ɗana, ai da ka sa ƙafa a ƙasa."

"A ɗaure take, Baba."

Ya leƙa. "Wa ya ɗaure ka?"

"Ni ne."

Ya daɗe yana kallona. Ya waiwaya ya dubi 'yan gayya, waɗanda yanzu sun bar aiki sun kewaye mu. Ya ce, "Shi ya ɗaure kansa." Suka ce, "Ikon Allah."

"To ka saurara, in ba ka shawara," in ji shi. "Wannan keken nawa da kuɗin auduga na saye shi, zamanin Shagari. Tun lokacin nake bin hanyar nan, ban taɓa faɗuwa a nan ba. Ka san sirrin?"

Na ce a'a, ruwa yana shiga mini kunne.

"In ka ga laka, ka bi inda babu ita."

Jama'a suka gyaɗa kai. Wani ya ce, "Maganar manya." Ni kuma don in ceto abin da ya rage na darajata, na ce ai matsalar ban canja giya da wuri ba ne, keken giya 21 gare shi.

Dattijon ya ja da baya. "Giya?"

"Eh, Baba, amma ba irin..."

"Har ashirin da ɗaya? Ɗana, wani guda ɗaya yake sha ya kasa gane ƙofar gidansa. Kai ka yi ƙoƙari ma da ka kawo nan."

Daga nan majalisa ta buɗe. Wani ya ce tayar ce ta rame, a ƙara mata iska. Wani ya ce a'a, a rage. Wani ya matsa sirdin da yatsa ya ce wannan ko ɗan akuya ba zai zauna a kai ba. Wani ya tambayi ina ake ɗora buhu, da aka ce babu kariya sai ya ce, "To keken me ye?" Wani yaro ya ce da na kaɗa ƙararrawa. Na ce wa zan kaɗa wa, taɓon? Baba ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya ce shi a ganinsa hular ce ta yi nauyi ta gefe ɗaya, gobe in sa ta a tsakiya. Duk wannan shawara ana ba ni ita ne ina kwance. Babu wanda ya miƙo hannu, don ba a gama tantance musabbabi ba.

Daga ƙarshe wani yaro mai yankan ciyawa ya zo da lauje, bai ce uffan ba, ya yanke maɗauran biyu, ya yanke ƙafar wandon. Abin da ya rage na shaddar bai isa a shiga mutane da shi ba. Baba ya aika aka ɗauko wani tsohon buhun taki daga bakin gona, aka farke shi na ɗaura. Na miƙe a gaban mutum ashirin, laka tun daga kunne har idon sawu, hular kwano a karkace, an rubuta NPK 15-15-15 a bayana. Wani ya ce, "Ko ba komai bana za ka yi yabanya."

Baba ya koma ya kama kekensa. Har ya ɗora ƙafa a feda sai ya waiwayo.

"Af, ban tambaye ka ba. Ina za ka ne?"

Malumfashi ta yi mini nisa a baki. Na ce, "Yawo ne kawai, Baba. Ba wani wuri za ni ba."

Ya dubi taɓon, ya dube ni, ya kaɗa ƙararrawa.

"To ai ka iso."