Haramun a Majalisa, Rufin Asiri a Cikin Gida

Ka ta da maganar zubar da ciki a kowace majalisa ta unguwarmu, za ka ji baki ya zo ɗaya: haramun ne, kisan kai ne. Mai shayi zai faɗa, mai faci zai faɗa, maƙwabcinmu da ke zuwa cocin ECWA ran Lahadi ma haka zai ce. Ɗan Katolika kuwa ya fi kowa tsanani, don a wurinsu rai ya samu tun ranar da ciki ya shiga. Shi ya sa a 2022, da gwamnatin Legas ta fitar da ƙa'idojin yadda likitoci za su cire ciki a inda doka ta yarda, shugabannin addini suka yi mata ca, ba a rufa sati biyu ba Gwamna Sanwo-Olu ya dakatar da su.

Mu Musulmin nan Malikiyya muka tashi a kai, kuma maganar da ta fi ƙarfi a mazhabar ita ce ba a taɓa ciki ko da bai kai kwana 40 ba. Hanafiyya sun sassauta in akwai uzuri, matuƙar ba a kai kwana 120 ba, lokacin da ake busa rai. Daga nan kuwa babu saɓani haramun ne, sai fa in ran uwar ne ke cikin haɗari. Dokar laifuffuka ta Arewa ma kusan nan ta tsaya: sashe na 232 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, in ba don ceton ran mace aka yi ba.

To, bari ƙaddara ta faɗa wa gida. Yarinya ta yi wata biyu ba ta ga al'ada ba, ga kasala, ga amai da sassafe. Wa ke zuwa wurin Malam ya tambayi hukunci? Gwaggo ake aika wa ta zo, a shiga ƙuryar ɗaki a ja labule. "Yaya, a rufa asiri tun bai fito ba," in ji ta. "In maganar nan ta fasu, wa zai auri ƙannenta?" Da magariba ta yi sai a lulluɓe yarinyar da hijabi har ƙasa, a bi lungu zuwa wurin mai kemis, ko wurin tsohuwar da kowa ya san irin jiƙon da take haɗawa. Kuɗin kuma sau da yawa daga aljihun mutumin da ya fi kowa ɗaga murya a majalisa suke fitowa.

In jini ya ɓalle, sai a yi ta canza mata zane ana cewa taifot ne, ana jiran ya tsaya da kansa. Kafin a yarda a kai ta asibiti a yi mata wankin ciki, wata mahaifarta ta riga ta lalace, wata kuma ba ta dawowa. A zaman makoki sai ka ji an ce gajeruwar rashin lafiya ta yi. Wanda ya yi mata cikin yana nan a kan benci tare da mu, baɗi war haka mu ne za mu raka shi ɗaurin aure.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne matar aure. Tana fama da ciwon zuciya ko hawan jini mai tsanani, likita ya ce cikin nan zai tafi da ranta, amma maigida ya ƙi sa hannu, wai shi ba zai kashe rai ba. Alhali a nan ne malamai suka ba da dama, doka ma ta ba da. Inda addini ya sauƙaƙa mun matse, inda ya hana muna yi a ɓoye, domin mun fi tsoron bakin mutane.

Mu ne kuma muka ɗora wa yarinyar wannan tsoron. Wadda ta daure ta haife, me muka yi mata? Ba suna, ba rago, ba mai zuwa barka. Yaron ya tashi ana yi masa gorin shege a wurin ƙwallo, ya girma a hana shi aure, ko da yake addinin da muke tinƙaho da shi bai ɗora masa laifin kowa ba. Wadda ta ga haka da idonta, kada ka yi mamaki in ta zaɓi lungu, ko ta yar da jariri a bola.

Allah gafarta Malam, in za ku yi huɗuba a kan zubar da ciki, ku haɗa da namijin da ya yi cikin, da gorin da muke wa yaran, da damar da shari'a ta ba matar da ranta ke cikin haɗari. Ku kuma iyaye, in har abin ya riga ya faru jini ya ɓalle, ku kai ta asibiti a daren, ku gaya wa likita gaskiya.