Ranar da Esi Ya Karya Mini Azumi

Duk wanda ya yi azumin 2024 a Kano ba sai an tuna masa ba. Ya faɗo tsakiyar bazara, daga 11 ga Maris, zafi yana haura digiri 40, ƙadangare ma sai ya sami inuwa kafin ya gyaɗa kai. Ni kuwa ina da abin taƙama: esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wanda na saya a Sabon Gari shekara uku kafin nan. Tun ranar da aka kafa shi a bango, iya ilimina a kansa maɓalli biyu ne a jikin rimot: na kunnawa, da wanda ake ta dannawa har lamba ta sauko 16.

Azumi na kaiwa goma sai esin ya fara huro wata iska mai ɗumi, kamar numfashin mai zazzaɓi. Na kira wani yaro mai gyara, ya zo da silinda ɗaure a bayan babur. Ko ɗakin bai leƙa ba. Ya dafa injin na waje kamar likita mai duba ciki, ya ce, "Alhaji, gas ne ya ƙare." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na lura duk wanda zai karɓi kuɗina Alhaji yake kirana. Ya ɗura, na biya naira 15,000. Bayan kwana takwas ya dawo, gas ya sake ƙarewa, na sake zama Alhaji.

Ana haka, ranar 3 ga Afrilu aka sanar cewa masu rukunin Band A za su riƙa biyan naira 225 a kan kowane yunit na wuta, kuma unguwarmu na ciki. Esi irin nawa yakan cinye yunit ɗaya da ɗoriya a awa. Na yi lissafi a bayan ambulan: sama da naira 2,000 nake kashewa kowane dare don a dafa ni a hankali. A daren ne uwargida ta ƙara mini da nata: "Baban Ummi, Hajiya za ta zo mana Sallah, kuma a ɗakin nan za ta sauka." Ta nuna bango da baki. Ruwa ne yake tsiyaya daga ƙarƙashin esin, ɗis, ɗis, daidai kan akwatin da shaddata ta Sallah take.

Suruka ba abin wasa ba ce. Washegari bayan azahar na kalli wani Ba'indiye a YouTube yana gyaran esi cikin minti shida, na ce in dai wannan ne, kowa ma injiniya ne. Na hau kujera na ɗaga murfin, abin da ban taɓa sanin yana ɗaguwa ba. A ciki na tarar da raga biyu, ko in ce barguna biyu. Ƙurar hunturu uku ce ta kwanta a kansu, ta haɗu da hayaƙin turaren wuta, ta yi kauri har ana iya ɓanɓaro ta kamar ƙanzo. Na yi atishawa bakwai a jere, Ummi tana ƙirgawa. Bayan ragar kuma ƙanƙara ce ta daskare a jikin ƙarafan. Wato sanyin yana nan, hanyar fitowa ce ya rasa.

Da na tsaya a nan, da na tsira da mutuncina. Amma nasara ta hau mini kai, na zagaya bayan ɗaki neman tiyon da ke zubar da ruwa. Bakinsa a toshe yake da laka, zanzaro ya yi gini a ciki. Na zura tsinken tsintsiya, na sosa, ko ɗigo. Ba'indiyen nan wata na'ura ya sa ya zuƙe nasa. Ni ba ni da na'ura, amma na sha ganin yadda 'yan bumburutu suke janyo fetur daga tanki. Na durƙusa, na kafa baki, na zuƙa da iya ƙarfina.

Jama'a, ruwan da ya daɗe a kwance cikin gansakuka ba ya sallama. Kafin in ankara ya wuce maƙogwaro, da ɗanɗanon kwata da guntun gidan zanzaro, saura awa biyu da rabi a sha ruwa. Na miƙe a firgice ina kakari, ƙeyata ta daki injin na waje. Ashe rina sun yi saƙa a bayansa. Ɗaya ta same ni a kunne, ɗaya a leɓen sama. Yara suna ta taga suna kallo, uwargida tana cewa "Sannu" da muryar da ta sha dariya ta ƙoshi.

Bayan la'asar na tsare limamin unguwa da leɓe kamar an hura balan-balan. "Allah gafarta Malam, ruwan esi yana karya azumi?" Ya dube ni da kyau. "Ta ina ya shiga?" Na yi bayani. Ya sa gefen rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa, sannan ya ce tunda ba sha na yi nufi ba babu kaffara, in ci gaba da kame baki, amma akwai ramuwar kwana ɗaya.

Maƙwabcina ne ya kawo mini wani dattijo mai gyaran firji da esi. Da na ce masa gas ya ƙare sau biyu, sai ya ajiye jakarsa. "Ɗana, wannan ba gas ɗin girki ba ne da ake ƙonawa. Zagayawa yake yi cikin bututun tagulla a rufe. In ya ragu, to yoyo ne, kuma wanda ya ɗura bai toshe yoyo ba ya zuba ruwa a kwando." Ya shafa kumfar sabulu a mahaɗar bututun, ko ƙwaya ɗaya ba ta taso ba. Ya jona agogon awonsa: gas ɗin ya yi yawa, kwamfireso nishi kawai yake. Ya nuna mini takardar da ke manne a jikin injin, an rubuta R410A. "Shi yaron wane iri ya zuba?" Na ce irin na cikin silinda. Sai da ya kwashe duka ya sake zuba sabo bisa awo, ya kashe wuta ya wanke injin waje, ya ce ragar nan a wanke ta da ruwa duk sati biyu, a shanya a inuwa. Kuɗin da na biya ya fi na yaron sau biyu a haɗe. Amma ɗaki ya yi sanyi kamar randa.

Hajiya ta iso jajibirin Sallah. Na durƙusa na gaishe ta ina kare leɓe da hannun riga. Aka kai ta ɗaki, ta zauna minti biyar, sai na ji tana ce wa 'yarta, "Ke, kashe mini abin nan, sanyinsa yana tayar mini da ciwon gwiwa." Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta ɗauki maficinta. Kwana biyar ta yi, ba ta sake taka ɗakin ba.

Azumin na rama shi cikin Shawwal, ranar wata Litinin, kuma ranar tun asuba ba a kawo wuta ba.