Jinjina ga Uban da Ya San Iyakarsa

Wai har yanzu akwai masu ganin laifin maigidan nan don yana ɗan taɓa giya. Haba jama'a, a ji tsoron Allah! Mutumin da bai taɓa wuce kwalba uku ba, sai fa ranar albashi, da daren Asabar, da ranar da Arsenal ta ci, da kuma ranar da aka ci ta?

Ku dubi tarbiyya. Bai taɓa shigo da kwalba gida ba. Can yake tafiya Sabon Gari, ko Mami Maket ta bariki inda 'yan Hisba ba sa leƙawa, ya bar hularsa a mota saboda mutuncin hular. Kafin ya dawo ya tauna kanumfari, ya ɗora da goro da Tom Tom, ya feshe babbar riga da turare. Yara kuwa ba su san komai ba. Shi ya sa da sun ji makulli yana laluben ƙofa, sai su kashe talabijin su yi barcin ƙarya. Ladabi ke nan. Autar ma, 'yar shekara shida, daga sallamarsa take gane yau daren raha ne ko daren bulala. Wace makaranta ce ke koyar da irin wannan basira?

Mahassada suna kawo zancen Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce a 2023 babu wani adadin giya da ba shi da illa, komai ƙanƙantarsa. Malamai ma sun daɗe da haɗa kaɗan da mai yawa a hukunci ɗaya. To, su wa suka fi shi sanin hantarsa? Shi da ya fi iya tuƙi in ya ɗan kora. Katangar maƙwabci ce ta matso kan hanya.

Ga riƙon amana. Tun da aka cire tallafin mai ya rage kuɗin cefane, amma bai taɓa kwana da bashin mai mashaya ba. Kuɗin makaranta ya jira, ai makaranta ba guduwa za ta yi ba.

Inda ya fi burge ni shi ne ranar da ya kama babban ɗansa da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafawa da shigowa da shi tun 2018. Ranar an sha wa'azi, har da ƙwalla. "Kai, a ina ka koyo wannan? Wa ka taɓa gani yana yi a gidan nan?" Yaro ya sunkuyar da kai, uwargida ta zuba wa silin ido. Nan take aka gano masu laifi: abokan banza.

Don haka ina roƙon iyayen yara, zaɓe mai zuwa a ba shi shugabancin ƙungiyar iyaye da malamai. A dai riƙa sa taron da hantsi, kuma kada a kuskura a sa shi ranar Lahadi.