Halin Dangi Sai a Rugar Cuku

An ce ba a sanin halin dangi sai ranar rabon gado. To, ba sai an jira wani ya mutu ba. A zuba su cikin mota ɗaya a ƙarshen damina, a ɗauki hanyar da ta tashi daga Tawa ta nufi Agadas, a wuce tafkin Tabalak, a sauka daga kwalta kafin Abalak, a tsaya inda matan makiyaya ke yin cuku. Kafin madara ta kama, kowa ya nuna kansa.

Cuku dai dabara ce ta Abzinawa da Fulani don kada madarar damina ta tafi a banza. Idan ciyawa ta yi, shanu kan ba da abin da ya fi ƙarfin ciki da ƙwarya, ga kasuwa da nisa, ga babu firiji. Sai a daskarar da madarar, a baje ta falle-falle kamar ƙaramin allo, a shanya, ta yi watanni ba ta lalace ba. Aikin ke nan. Ga kuma waɗanda ke zuwa kallonsa.

Maigida, sarkin tayi

Shi ya cika tanki da mai, ya biya kuɗin hanya, ko tari bai yi ba. Amma yana sauka daga mota zuciyarsa ta ƙulle a kan dala biyar. Idan daga Najeriya ya ƙetaro ta Illela zuwa Ƙonni, sai an fara da darasin lissafi, don a nan ba a ƙirga sefa ɗai-ɗai: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika kuwa sefa 1000. Mai cuku ta ce falle dala ɗari. Alhaji ya ji “ɗari”, ya washe baki, ya ce a ƙirga masa ashirin. Da direba ya raɗa masa cewa sefa 500 ake nufi, sai hula ta koma ƙeya.

“Haba Inna, zinariya ce? Dala hamsin.”

“Albarka.”

“To, sittin, don mun zo daga nesa.”

“Albarka, Alhaji.”

Daga nan ya kaɗa riga ya nufi mota, yana tafiya yana sauraron a kira shi. Wannan dabara tana ci a Kasuwar Kurmi, inda rumfa ke kishi da rumfa. A ruga, in ka juya baya, babu mai kiranka sai ɗan maraƙi. Ya dawo da ƙafarsa, ya biya dala ɗari cif, ya nemi gyara aka ba shi ɓallin da ya karye. Bai taɓa tambayar cewa falle ɗaya ya sha madara lita guda ko fiye ba, ban da tatsar asuba da tsaron shanya. Har a isa gida labarinsa ɗaya: yadda ya matse ta sai da ta yi masa ƙari.

Masani

Kowane gida da nasa. Ya taɓa zuwa kwas Faransa, kuma tun daga ranar babu wanda ya huta. Zai gaya maka cewa Roquefort da madarar tumaki ake yin sa, a ajiye shi cikin kogo har ya yi shuɗin funfuna. Zai gaya maka cewa dunƙulen Comté ɗaya yakan kai kilo 40, kuma sai ya yi watanni a ajiye kafin a yanka. Zai kawo maka Louis Pasteur da hikimar ɗumama madara don kashe ƙwayoyin cuta. Duk gaskiya ne. Abin da ya ɓata lissafin shi ne wadda yake yi wa bayanin hannunta na cikin ƙwarya.

Yana zuba, ita kuwa ta tace madarar da aka tatso yanzun nan, da ɗuminta, ta tarfa wani ruwa daga ’yar kwalba, ta rufe da faifai. Bayan ɗan lokaci ta buɗe, madara ta kama. Ta ɗebo da ludayi, ta zuba a kan ɗan asabari na siraran kara, ta baje da tafin hannu, ruwan yana tsiyaya cikin kwanon da ta tara a ƙasa. Ta daidaita gefe huɗu, ta kife fallen a kan babban asabarin da ke bisa rumfa, inda rana da iska za su ƙarasa aikin cikin kwana ɗaya ko biyu. Sawun karan nan ne layukan da ake gani a jikin kowane cuku.

Masani ya gyara tabarau. “Inna, me ya hana ku yi da nonon raƙumi? Ai sai ya fi tsada.”

“Ga taguwar maƙwabta can, ɗana. Ga kuma ƙwarya.”

Ba ta ƙara ko kalma ba. Nonon raƙumi ba ya kamawa yadda na saniya da na akuya ke yi, in an sa masa abin daskarewa sai ya yi ta kwal-kwal. Ba a koyar da wannan a kwas ɗin ba.

Anti mai ƙyanƙyami

Da ruwan gorarta ta zo, da ɗan turaren wanke hannu, kuma ba ta zauna a tabarma ba sai da ta shimfiɗa ɗankwali. Ita ce ta yi tambayar da ba a so: mene ne a cikin kwalbar nan?

“Tumbin ɗan akuya ne, Hajiya, wanda bai fara cin ciyawa ba. A busar, a jiƙa.”

Anti ta dafe ƙirji ta yi salati. Tun tana amarya take karyawa da cuku da shayi, yau ta san da wa take zaune. Alhali babu wani abin asiri: a cikin tumbin jaririn dabba akwai sinadarin da ke daskarar da nonon uwarsa, shi ne kuma Turawa ke cirowa daga na maraƙi. Fulanin Kwara da na Jamhuriyar Benin su da tumfafiya suke daskarar da tasu madarar a kan wuta, su fitar da wara da wagashi, har a rina wagashin ja da karan dafi.

A yi mata adalci, tsoronta yana da tushe. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka daga dabba, ko cutar nan da ke sa shanu ɓari, ta sa mutum zazzaɓi mai kai-komo. Sai dai bayan ta gama wa’azi ta sayi falle goma, wai na maƙwabta. A hanyar dawowa, idan mota ta yi shiru, za ka ji ƙurus-ƙurus na fitowa daga ƙarƙashin mayafi.

Kawu mai ɗanɗano

Ba a taɓa ganin kalar kuɗinsa ba. Zai ɗanɗana ɗanye, ya ɗanɗana na jiya, ya ɗanɗana busasshe don ya ji bambanci. Zai nemi na akuya don ya gwada da na saniya, ya koma kan na saniyar don ya manta yadda yake. Ya kora da kindirmo, ya lumshe ido, ya ce wannan ya fi wancan maiƙo. Idan aka ce, “Kawu, nawa za a ɗaure maka?” sai ya shafa tumbi ya ce ai shi kayan madara ba sa karɓarsa.

Suruki Babarbare

Tun daga bakin mota yake ɗaga murya: “Ina bayin nawa? A fito da shanuna in ƙirga!” Baƙo sai ya ɗauka faɗa za a yi. Dattijon ruga ko tashi bai yi ba, ya ce wa yara su ɓoye ƙore, ga Babarbare ya ji ƙanshin madara. Wasan Fulani da Barebari ke nan, irin na Abzinawa da Zabarmawa, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al’adun duniya da sunan Nijar a 2014. Suruki bai san da wata UNESCO ba. Abin da ya sani shi ne zagi biyu masu daɗi sun samo masa kwalbar man shanu, abin da tayin Alhaji bai samo ba.

’Yar hoto

Ta ari ƙwarya ta ɗora a ka, ta ari malfar makiyayi, ta ce wa Inna ta sake zuba madarar don na farko bai fito ba. Duk jawabinta ga waya take yi: “Ku biyo ni ku ga rayuwar ƙauye.” Matsalar ita ce babu sabis. Sauran yinin a kan suri ta ƙare shi, hannu a sama, tana neman sanda ɗaya da za ta tura wa TikTok. Fallen da ta riƙe a ɗaya hannun don ado, wata akuya ta bi ta baya ta gama da shi. Ita kaɗai ce ta je rugar cuku ta dawo ba ta san ɗanɗanonsa ba.

Auta da direba

Auta ɗan birni ne, a gwangwani ya san madara. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon tatsa, sannan ya ja rigar ubansa: “Baba, ta ina ake zuba mata garin?” Direba kuwa kullum ya san wata ruga da ta fi wannan araha, kuma kullum tana gaba kaɗan. Ba ya sayen komai, don tun ana ciniki aka miƙa masa nasa ta bayan bukka, ladan kawo baƙi.

Kaka

Tun a mota take mita. Cukun yanzu ba cuku ba ne, na da ya fi kauri, shanun Azawak na zamaninsu sai hannu ya gaji ba su ƙafe ba. Amma da aka isa, ita kaɗai ba ta nufi asabari ba. Ta yi sallama, ta zauna, ta tambayi gajiya, ta tambayi yara, ta tambayi dabbobi da ruwa da yadda ciyawar bana ta yi. Ta kwance bakin zane ta fito da goro, ta ciro ƙullin ganyen shayi da sukari ta ajiye. Hira ta kai su farin 1973 da na 1984, shekarun da garke ya ƙare a tsaye, masu shanu suka shiga gari neman abin kai wa baki. Inna, wadda ta yini tana ba da amsa da kalma ɗai-ɗai, sai ga ta tana magana har da tafa hannu.

Da za a tafi ta shiga bukka ta fito da falle uku masu kauri, waɗanda ba a shanya su don kasuwa ba, ta sa wa Kaka a cinya. Alhaji ya tambayi kuɗinsu. Aka ce masa waɗannan ba su da kuɗi. Har yau yana ganin wata dabarar ciniki ce tsohuwar ta ɓoye masa.

Uwargida da mai kanti

Kafin a hau kwalta sosai sai an tsaya kantin bakin hanya, nan kuma fagen uwargida ne. Da takarda ta zo, sunan kowa da abin da ya kawo ranar sunan Auta. Wadda ta kawo turmin atamfa, kilishi da zuma. Wadda ta kawo sabulu, dabino mudu ɗaya. Fallen cukun da ya fashe a mota na facala ne.

Mai kanti ya dace da ita, don a wurinsa komai na asali ne. Kilishi na Madawa, albasa ta Galmi, dabino na Ingal, kantun gishiri daga Bilma. Masani ya tsoma baki cewa hukumar kare haƙƙin mallaka ta OAPI ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar suna, ba kowa ke da ikon laƙaba su ba. Mai kanti ya ce ƙwarai, ai shi ya sa nasa ya ƙara kuɗi. Da uwargida ta ɗaga kwalin ganyen shayi mai rubutun Sin ta ce wannan fa, bai ko ƙifta ido ba: “Na asali, Hajiya.” Ya kuma ba da fatawa kyauta: cuku da shayi mai ɗaci ake cinsa, ko a daka shi da gero da dabino a dama fura, kowa ya sha ya yini bai nemi tuwo ba. Gero da dabinon kuwa, ga su nan a bayansa.

Wanda bai je ba

Shi ne ya ce tafiyar banza ce, a ƙona mai don abin da ake talla a tasha. Shi ne kuma na farko a ƙofar gida, tun mota ba ta gama tsayawa ba. Zai zari falle ya ɗaga sama ya duba, ya tambayi kuɗinsa, ya girgiza kai ya ce an cuce ku, da shi ne da rabin haka zai saya. Zai gutsura ya ce bai kai na bara ba, ya zura biyu a aljihu don yara, alhali yaransa na makarantar kwana. Sannan ya kafa sharaɗi: tafiya ta gaba da shi za a yi, kuma gidan gaba zai zauna. Ranar tafiyar, in Allah ya kai mu, ƙafarsa za ta tashi. Saƙonsa dai zai riga kowa shiga mota: falle ashirin, kuɗin sai an dawo.