Ranar da Kawu Ya Ce Zai Rage Fitilu

Wani tattabaru yake tarawa, wani huluna, shi kuwa kawuna fitila ce ta kama shi. Tun yana lebura a aikin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ya sayi fitilar ƙwai da albashinsa na fari, daga nan bai sake waiwaye ba. Yau ɗaki guda a gidansa na Tudun Wada maƙil yake: aci-balbal ta gwangwanin madara, fitilar gas mai famfo, tocila mai cin batir uku, da kwali biyu na ƙwan lantarki tun na zamanin NEPA, wadda shi har gobe bai yarda an sauya mata suna a 2005 ba. To bana autansa zai yi aure, amarya kuma ba za ta tare a kan lagwani ba. Sai Kawu ya yi shela: duk mai so ya zo ya ɗauka. Ni aka shimfiɗa wa tabarma a bakin ƙofa in riƙa rubuta abin da ya fita, sai na ƙare da rubuta mutane.

Na farko shi ne mai tuna baya. Ya ɗaga fitilar ƙwai, ya shafa ta, ya ce, "Allah sarki! Da irin wannan na ci jarrabawar firamare." Daga nan ya shiga farashin kananzir na da, ya gangara kan sanyin dajin Falgore, ya faɗa kan lalacewar yaran zamani. Ya ci tuwo, ya sha fura, ya tafi bai ɗauki ko lagwani ba.

Sai ɗan gwangwan, da buhunsa da sikelinsa da mayen ƙarfe a aljihu. Kawu na ba shi labarin wata fitila da ya ce ta masu haƙar kuza ce a Riruwai, shi kuwa yana manna mata mayen ƙarfe. Da ya ga bai kama ba, idonsa ya yi haske: "Baba, wannan tagulla ce, kilonta daban." Kawu ya fizge abarsa kamar an taya masa 'ya a kasuwa.

Akwai injiniyan unguwa. Shi ƙwan lantarki yake kaiwa kunne ya girgiza, ya yanke hukunci: "Ya ƙone." Fitilar gas da ta shekara talatin lafiya lau ya kwance don ya nuna mana yadda famfo ke tura kananzir sama. Da ya mayar da ita, ƙusoshi uku suka rage a tabarma. Ya ce dama kamfani ne ya sa su don ado.

Shi kuwa mai "ajiye min" ya zaɓi guda bakwai mafiya kyau, ya ce a ware masa, zai dawo da babur daga Kwanar Ɗangora kafin la'asar. Bai dai faɗi la'asar ɗin wace rana ba.

Ɗan zamani ya zo da waya a hannu. "Kawu, ai waɗannan kayan tarihi ne! Ko Gidan Makama ba su da irinsu. Turawa da dala za su saya." Ya ɗauki hoto ya sa a Facebook. Mutum arba'in suka rubuta "Masha Allah", babu wanda ya taya. Illar da ya bari ita ce, daga ranar Kawu ya fara kallon kowace tsatsa a matsayin jari.

Wadda ba ta ce uffan ba ita ce Inna, uwargida. Ashe ta shekara goma tana nata ragin a ɓoye, tana ba masu musayar tsofaffin kaya tocila ɗaya-ɗaya, suna ba ta robobi. Sai da Kawu ya nemi wata jar tocila ya rasa, na lura da yadda ta sunkuyar da kai tana gyara murfin sabon bokiti.

Na ƙarshe shi ne mai kayan. Duk wadda aka ɗaga sai ya ce, "Ban da wannan." Wanda ya samu ya fita da guda, sai Kawu ya bi shi har zaure yana tambaya ko akwai wata tsohuwa a gidansu da ba sa so. Hali zanen dutse.

Bayan magariba aka ɗauke wuta, cajin wayoyinmu ya ƙare. Kawu ya laluba ya ɗauko aci-balbal, ya ƙyasta ashana, ya ce in karanto lissafi. Na matso kusa da hayaƙin na karanta: tara sun fita, sha ɗaya sun shigo.

Washegari da sassafe Inna ta aika a kira magini, ya zo ya auna inda za a yi wa amarya sabon ɗaki.