Jama'ar Aji Biyar

Mai son sanin halin ɗan Adam ba sai ya je kasuwar Kurmi ko tashar mota ba. Ya nemi izinin hedimasta, ya samu gefen taga a wata firamaren gwamnati, ya zauna daga asambuli zuwa tashi. Kada ya ɓata lokacinsa a aji ɗaya zuwa uku, can ba komai sai kuka da majina da "sai na gaya wa Ummata". Ya wuce aji huɗu zuwa shida, inda ake ajiye fensir a ɗauki biro, inda kuma manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2004, ta ce Turanci ya fara karɓar ragamar koyarwa. Takardar nan ta ce malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 35. Wanda ya rubuta haka da ya leƙo ajin da mutum biyar ke kan bencin mutum uku, wasu kuma suna ƙasa a kan buhu, da ya sake lissafi. To, a cikin wannan cunkoso kowa ke fito da halinsa.

Hukuma ita ce monita. Malam na sa ƙafa waje zai yagi takarda, ya fito gaban allo, ya haɗe rai. Aikinsa rubuta sunayen masu surutu, amma ba duk mai surutu ke shiga takardar ba. Wanda ya san hannunsa, ya ɗan miƙa goriba ko tuwon madara ta ƙarƙashin benci, ko ganga ya kaɗa ba a ji ba. Wanda kuwa suka yi faɗa jiya a filin ƙwallo, ko tari ya yi an rubuta shi. In ya ce "Me na yi?" sai a sa masa "sau biyu" a gaban sunansa, in ya rantse ya zama sau uku. A makarantun da ake hana yin Hausa a aji, monita ne ke kama masu laifi, kuma da Hausa tsantsa yake sanar da su: "Kai, na ji ka, ka yi Hausa!" In Malam ya ce a samo bulala, shi ke rugawa gindin darbejiya, ya zaɓo tsumagiya mai lanƙwasa, ya zage ganyen a nutse, har ya gwada ta a iska. Ranar da aka zane shi da bulalar da ya zaɓo da hannunsa, ajin kan yi shiru, amma kowa murna fal cikinsa.

A bencin gaba akwai mai ɗaga hannu. Malam bai rufe baki ba ya miƙe rabin tsayuwa, yana kaɗa yatsu: "Ni Malam! Malam ni! Malam ni!" In an yi rashin sa'a an nuna shi, sai ya miƙe, ya gyara wando, ya ce, "Malam, me ka ce?" Wannan ba shi da cutarwa. Mai cutarwar shi ne maƙwabcinsa, wanda saura minti biyu a buga ƙararrawa, Malam ya riga ya tattara alli, sai ya buɗe baki: "Malam, ba ka karɓi aikin gida ba." Irin wannan yaro ba ya komawa gida shi kaɗai, sai ya jira yayansa.

Sai mai aron biro. Tun da aka shiga aji huɗu ba wanda ya taɓa ganin ya sayi nasa, amma rubutunsa bai taɓa tsayawa ba. "Ara mini, yanzu zan ba ka." In Allah ya sa ya dawo da shi, to murfin ya sha tauna har ya baje, toshiyar baya ta ɓace, tawada ta tsiyayo. In ka yi magana ya ce da ma haka ka ba shi. Kishiyarsa shi ne mai gwangwanin lissafi, wanda babansa ya sayo masa cikakke da rula da kamfas da komai. Ba ya ara, ba ya amfani da shi, sai dai ya buɗe ya ƙirga ya rufe. Kamfas ɗin aikinsa ɗaya ne: tsikarin na gaba in ya jingino. Tsakaninsu akwai sarkin yaga, mai cire tsakiyar littafi yana ƙera jirgi da kwale-kwale, har littafi mai ganye 60 ya rame ya koma bango biyu da ƙusa.

Wanda ya fi burge ni shi ne gwanin amshi. In aji ya ɗauki karatun sau baki ɗaya, muryarsa ce ke sama, yana rangaji, yana buga benci. Kiɗan ya iya, lambobin ne bai sani ba. Malam ya tsayar da kowa ya ce, "Kai, bakwai sau takwas?" sai ya ɗaga kai yana kallon silin, leɓe na motsi, don dole ya faro daga bakwai sau ɗaya, kuma a hanya yakan yi hatsari a wajen sau shida. Haka yake da jihohi 36 da manyan biranensu. Daga Abiya zuwa Zamfara ba ya tuntuɓe in ana tafiya a jere. Amma ka ce masa ina ne babban birnin Jigawa, ko da a Haɗeja aka haife shi, sai ya ratsa jihohi 16 kafin ya iso Dutse. Da gwamnati ta dawo da tsohon taken ƙasa a watan Mayun 2024, malamai da ɗalibai duk sun sha fama da sabuwar hadda. Shi kaɗai abin bai dama ba, don tun can ba kalmomin yake faɗa ba.

Can bencin baya ga babba. Sai da ya yi nisa a makarantar allo aka kawo shi boko, muryarsa ta fashe, gajeren wandon makaranta ya ɗame shi. Shi ke ɗaukar benci, shi ke raba faɗa, shi ke riƙe tuta a faretin Ranar Yara ta 27 ga Mayu. Monita bai taɓa rubuta sunansa ba, kuma ba a taɓa tambayar dalili ba. A darasin Turanci ba a jin ɗuriyarsa. Amma bari a shiga darasin addini, Malam ya ja aya ya ɗan karkace, sai ka ji daga baya an yi gyaran murya cikin ladabi: "Allah gafarta Malam, akwai madda a wurin." Daga ranar ake ce masa Alaramma, har shi Malam ɗin.

Maciyin ɓoye kuwa kuɗin tararsa ba ya kaiwa tara. Ƙuli-ƙuli na aljihu, kuma ya ƙware wajen daidaita ƙarar tauna da tari. Matsalarsa aduwa, don ba ta haɗiyuwa, in aka jefo masa tambaya sai ya amsa da kumatu a kumbure. Da gwamnatin tarayya ta fara ciyar da 'yan firamare a 2016, 'yan aji ɗaya zuwa uku kawai aka sa a ciki. Nan take zumunci ya motsa masa. Ƙanen da da safe ya hana shi biyo shi a hanya, yanzu ga shi a tagar aji biyu yana leƙe: "Auta, an ba ku? Kawo in riƙe maka kada ya zube."

Akwai mai ciwon cikin da ba ya tashi sai lokacin lissafi. Akwai mai izinin fitsari da ke dawowa da man awara a baki. Akwai mai ba da labarin Daɗin Kowa, wanda sai ya fi na talabijin tsawo da daɗi. A ɓangaren mata akwai 'yar gaban goshin Malama, mai ɗaukar jaka da kwafar darasi a allo saboda kyan rubutu, da kuma uwar ƙawaye, wadda in ta ce yau ana gaba da wance, to wance ba ta da abokiyar carafke ko 'yar gala-gala sai an yi sulhu da alawa.

Sai wadda kullum a makare take zuwa, ta sha tsintar takardu a bakin ƙofa, ta shigo ta kifa kai ta hau gyangyaɗi. Aji na yi mata dariya, Malam na ce mata raguwa. Alhali tun asuba ta zaga unguwa da tallan koko, da yamma ga Islamiyya, da dare ga wanke-wanke. A sa mata rabawa a allo, ta tsaya da alli a hannu har a ce ta koma. Amma ka ce mata, "Wani ya sayi ƙosai na 150, koko na 200, ya ba ki 500," kafin mai gwangwanin lissafi ya buɗe gwangwaninsa ta ce canjinsa 150, ta ƙara da cewa in takardar ta yage ba za ta karɓa ba. A ganina ita ce ta fi kowa lissafi a ajin, malamin da ya kasa gane haka shi ya kamata a ba aikin gida.

Ranar ba da sakamako kowa ke girbe abin da ya shuka. Na ɗaya da na biyu ba sa magana da juna, maki uku ne tsakaninsu, na biyu na rantsuwa cewa an yi son kai. Kurar baya hankalinsa kwance, ya riga ya shirya jawabin da zai yi a gida: Malam ne ba ya son sa. Gwanin shi ne wanda ya zo na 41, ya laɓe a bayan aji ya kankare 1 da reza, ya isa gida a na 4, har aka yanka masa kaza. Asirinsa bai tonu ba sai a aji shida, da aka zo jarrabawar shiga sakandare.

Ku da kuke karanta wannan a ofis ko a shago kuna dariya kuna cewa "wane ne sak", ku ma akwai wanda ke tuna ku yanzu haka. Wanda ya san yana riƙe da biron wani tun aji biyar, don Allah ya nemi mai shi ya biya, da murfinsa.